Korona: Wanda Ya Yi Kururuwa Shi Ya Sha Duka

Murar nan da ta ɓarke a 1918, wadda ta ci rayukan mutane kimanin miliyan 50, har gobe da sunan Sifen ake kiranta, alhali ba wanda ya taɓa tabbatar da cewa daga can ta fito. Laifin Sifen guda ɗaya ne: ba ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya ba, saboda haka ba a ɗaure bakin jaridunta ba. Ƙasashen da ke fagen daga kuwa, sojojinsu na ta zubewa a sansani, amma hukumomi suka danne zancen don kada abokan gaba su ji su yi murna. Jaridun Madrid suka buga abin da idonsu ya gani, har da labarin sarkinsu Alfonso na 13 da cutar ta kwantar. Shi ke nan, suna ya bi su. Waɗanda suka yi gum sun tsira da mutuncinsu, wanda ya buɗe baki aka rataya masa annoba a wuya shekara ɗari da ɗoriya.

Na tono wannan tsohon zance ne saboda duk lokacin da na zauna ina tuna abin da annobar korona ta yi wa duniya tsakanin 2020 da 2023, sai in ga ashe ba mu gusa daga nan ba. Ana yawan tambaya ko likitoci sun yi ƙoƙari, ko dokar kulle ta yi rana, ko agaji ya isa inda ake bukatarsa. Duk tambayoyi ne masu kyau, amma ni wata ce take ci mini tuwo a ƙwarya: me ya sami waɗanda suka yi abin da aka ce a yi? Likitan da ya yi gargaɗi, ƙasar da ta kai rahoto, leburan da ya bi doka ya bar aiki, gwamnatin da ta shiga layi tana jiran rabonta na rigakafi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kusan kowannensu da rauni ya fita. A ganina wannan ne babban haɗarin da ke jiranmu a annoba ta gaba, domin mutane ba wawaye ba ne. Sun ga abin da ya faru, sun kuma ɗauki darasi, sai dai darasin da suka ɗauka daban yake da wanda ake wa'azi da shi a taruka.

A birnin Wuhan na ƙasar Sin, ranar 30 ga Disamba 2019, wani likitan ido mai suna Li Wenliang ya aika wa tsofaffin abokan karatunsa saƙo ta waya cewa an kwantar da wasu mutane masu cuta mai kama da SARS, wata muguwar cutar numfashi, su yi hattara. Bai kira 'yan jarida ba, bai yi shela ba, abokan sana'a kawai ya ja wa kunne. Kwana huɗu bayan haka 'yan sanda suka gayyace shi, suka sa shi ya rattaba hannu a takardar jan kunne kan yaɗa jita-jita. Ya koma bakin aiki, ya kamu, ya rasu ranar 7 ga Fabrairu 2020. Daga baya hukumomin Sin sun janye takardar, sun ma karrama shi. To amma karramawar da ta zo bayan mai ita ya bar duniya ba ta goge abin da sauran likitocin birnin suka gani a farkon Janairu ba, lokacin da kowace rana guda take da nauyin wata. Sai ranar 20 ga watan aka fito fili aka tabbatar cewa cutar na bi daga mutum zuwa mutum, ranar 23 aka garƙame birnin, kullen da ya ɗauki kwana 76.

A Shanghai kuma akwai wani masanin ƙwayoyin cuta, Zhang Yongzhen, wanda ɗakin bincikensa ya warware tsarin halittar sabuwar ƙwayar tun makon farko na Janairu. Ranar 11 ga watan ya amince abokin aikinsa Edward Holmes da ke Ostireliya ya saka bayanan a intanet, kowa ya ɗauka kyauta. Washegari aka ba da umarnin rufe ɗakin binciken, wai za a yi gyara. Kwana biyu da fitar bayanan, kamfanin Moderna a Amurka ya gama tsara rigakafinsa a kansu, kuma ranar 16 ga Maris aka yi wa mutum na farko allurar gwaji. Mai karatu, ka riƙe sunan wannan bawan Allah, zan dawo kansa.

Ba zan rage wa masana ko ƙwayar zarra ba. Kafin korona, rigakafin da aka fi saurin samarwa shi ne na hangum, kuma ya ci kimanin shekara huɗu. Wannan karon, ranar 8 ga Disamba 2020 aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 allurar Pfizer a birnin Coventry na Ingila, wato ba a cika shekara guda da sanin sunan cutar ba. Ba tsafi ba ne, aikin shekara da shekaru ne na mutane irin su Katalin Karikó da Drew Weissman a kan fasahar mRNA, wadda ke koya wa jiki gane ƙwayar cuta, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2023. Masu bincike a Imperial College da ke Landan sun ƙiyasta cewa alluran sun ceto rayuka kusan miliyan 20 a shekararsu ta farko. Amma ni abin da ya fi burge ni ma ba shi da wannan ƙyalli. A watan Yuni 2020, gwajin RECOVERY da Jami'ar Oxford ta jagoranta ya nuna cewa deksametason, tsohon magani mai araha da ke cikin kusan kowane asibiti a duniya, yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kashi ɗaya cikin uku. Wannan gwajin dai shi ne ya nuna cewa haidroksiklorokwin, wanda wasu shugabannin ƙasashe suka yi ta tallatawa kamar 'yan kamasho, ba ya tsinana wa majinyatan da aka kwantar komai. Haƙuri da ƙidaya suka raba gardamar.

To su wa suka biya kuɗin wannan nasara? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin Janairu 2020 da Mayu 2021, ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 da 180,000 korona ta kashe. An tafa musu daga tagogi a biranen Turai, an kira su jarumai, amma a ƙasashe da dama har da masu arziki an ga ma'aikatan jinya sanye da ledar shara saboda babu rigar kariya. Kiran mutum jarumi hanya ce mai sauƙi ta cewa ya mutu da daɗin rai. Kuma abin da ya fi kashe majinyata a hannunsu sau da yawa ba rashin wani sabon ilimi ba ne. A Manaus ta Burazil a Janairu 2021, da Delhi a Afrilu da Mayu na shekarar, iskar oksijin ce ta ƙare, mutane suka riƙa shaƙewa a kan gado da bakin ƙofar asibiti, 'yan uwa na yawo da tukwanen iska a kafaɗa suna neman inda za a cika musu. Duniyar da ta iya ƙera rigakafi cikin wata goma sha ɗaya ta kasa kai iska gadon mara lafiya. Alƙaluman da gwamnatoci suka bayar na mamata a 2020 da 2021 sun tsaya a wajen miliyan 5.4, amma da Hukumar ta lissafa yawan mutuwar da ta haura abin da aka saba gani, sai ta samu miliyan 14.9. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman nan biyu ita ma labari ce, ta waɗanda suka mutu ba a gwada su ba, da na gwamnatocin da suka ga gara a rage ƙidaya.

A nan ne doka ta shigo, kuma a nan ne nake ganin an fi yin abin kunya. Bayan SARS ta 2003, ƙasashen duniya sun sabunta Ƙa'idojin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa a 2005, ƙasashe 196 suka ɗaure kansu da su. Cinikin da ke ciki a bayyane yake. Kai, idan ka ga wata baƙuwar cuta mai iya tsallaka iyaka, ka sanar da Hukumar cikin sa'a 24 bayan ka tantance. Mu kuma, bisa sashe na 43, ba za mu ɗora maka takunkumin tafiye-tafiye da ciniki fiye da abin da hujjar kimiyya ta nuna ba, kuma in mun yi sai mun kawo dalili. Alkawari biyu ne, kowanne jingine da ɗan'uwansa.

Sai ga Nuwamba 2021. Masana a Botswana da Afirka ta Kudu, cikinsu har da Sikhulile Moyo da Tulio de Oliveira, suka hango wani sabon nau'in korona mai sauye-sauye da yawa. Ba su ɓoye ba, ba su jira ba. Ranar 24 aka kai rahoto, ranar 26 Hukumar ta raɗa masa suna Omikron. Kafin a ce kwabo Birtaniya, Tarayyar Turai, Amurka da wasu da dama sun rufe ƙofa ga ƙasashen kudancin Afirka, har da waɗanda ba a samu ko mutum ɗaya mai nau'in a cikinsu ba tukuna. Bayan 'yan kwanaki Holand ta duba tsofaffin samfuranta ta tarar da Omikron a cikin waɗanda aka ɗauka tun 19 da 23 ga Nuwamba, wato baƙon yana cikin ɗaki tun kafin a yi ihu. An bar jaki ana dukan taiki. Lokacin hutun ƙarshen shekara ne, lokacin da masu otal da direbobi da masu jagorar baƙi a yankin suke samun abin da za su ci shekara, duk ya bi ruwa. Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya António Guterres da kansa ya kira matakin wariyar launin fata ta tafiye-tafiye. Tsakiyar Disamba Birtaniya ta janye takunkumin saboda nau'in ya riga ya cika mata gida. Ba a biya kowa diyya ba, ba a ba kowa haƙuri ba, ba kuma kotun da za a kai ƙara.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta banza ba ce. Shugaban da aka tashe shi cikin dare aka ce masa ga sabon nau'i, ba a san ƙarfinsa ba, ba zai zauna yana karanta sashe na 43 ba. Mutanensa ne suka zaɓe shi, su zai kare, kuma rufe iyaka na iya saya masa mako ɗaya ko biyu. Tsibirai irin su New Zealand sun ci moriyar rufe iyaka ƙwarai. Na yarda. Amma in har mako biyun nan na da daraja, to wani ne ya ba ka shi, kuma daga aljihunsa aka cire. Idan dole ne a rufe ƙofa, me ya hana a haɗa da asusun da zai rage wa mai kawo rahoto asara? Guinea, Laberiya da Saliyo sun ga irin wannan a 2014, lokacin da kamfanonin jirage suka daina zuwa ana tsakiyar Ebola, har kai likitoci da kayan aiki ya zama wahala. Sau nawa za a sari mutum kafin ya fara gudun tsumma?

Haka abin yake in ka sauko daga tsakanin ƙasashe zuwa tsakanin gwamnati da talakanta. Da ƙarfe takwas na daren 24 ga Maris 2020, Firaministan Indiya Narendra Modi ya sanar da cewa daga sha biyun dare mutum biliyan 1.3 za su zauna a gida na kwana 21. Sa'a huɗu aka ba su. Jiragen ƙasa da motocin haya suka tsaya cak. Miliyoyin 'yan ci-rani da ke aikin gini da dako a manyan birane suka wayi gari ba aiki, ba kuɗin haya, ba hanyar komawa gida, sai suka kama hanya da ƙafa, wasu ɗaruruwan kilomita, da yara a kafaɗa. Ranar 8 ga Mayu, kusa da Aurangabad, jirgin kaya ya bi ta kan 16 daga cikinsu da gajiya ta sa suka yi barci a kan layin dogo. Ba su karya doka don taurin kai ba, dokar ce aka rubuta kamar babu su a duniya. A daidai wannan lokaci, ma'aikacin Birtaniya da aka ce ya zauna a gida gwamnati na biyan kashi 80 cikin 100 na albashinsa. Kalma ɗaya ce aka yi amfani da ita a wuraren biyu, kulle, amma ga wani hutu ne mai gundura, ga wani kuwa hukuncin yunwa ne. Kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta daɗe da faɗa cewa kusan mutum biliyan biyu, wato kimanin kashi 60 cikin 100 na masu aiki a doron ƙasa, ba su da albashin wata, sai sun fita suke samu.

Ni ban ce kulle haramun ba ne. Killace mutane saboda annoba tsohon abu ne, tun 1377 birnin Ragusa, wato Dubrovnik ta Kuroshiya a yau, ke tsare masu shigowa kwana talatin, kuma dokar kare haƙƙin ɗan Adam ta yarda da shi. Ƙa'idojin Siracusa na 1984 sun shimfiɗa sharuɗɗan: takurawar ta kasance bisa doka, ta zama dole, kada ta wuce gwargwadon bukata, kada ta nuna bambanci, kuma a iya ƙalubalantarta. Abin da nake ƙarawa shi ne abin da wata kotu a Malawi ta gani tun Afrilu 2020, lokacin da ta dakatar da kullen kwana 21 da gwamnati ta shirya, bayan masu ƙara sun ce ba a tanadar wa talakawa abin da za su rayu da shi ba. Wasu sun ce kotun ta yi ganganci. Ni kuwa ina ganin ta fahimci doka fiye da manyan ƙasashe da yawa: duk wanda ya hana ka fita neman abinci, ciyar da kai ya hau kansa. Ba alfarma ba ce, rabin dokar ne.

Sauran labarin doka a wannan zamani ba ya bukatar dogon sharhi. A Hungari, ranar 30 ga Maris 2020 majalisa ta ba Firaminista Viktor Orbán ikon mulki da umarni ba tare da wa'adi ba, aka haɗa da ɗaurin da zai kai shekara biyar ga wanda aka ce ya yaɗa labarin ƙarya. A Filifin, Shugaba Rodrigo Duterte ya fito talabijin ya ce a harbe masu tayar da hankali lokacin kulle. A Birtaniya, inda mutane suka yi bankwana da iyayensu ta waya, inda Sarauniya Elizabeth ta zauna ita kaɗai a jana'izar mijinta a Afrilu 2021, sai ga shi ana ta walima a ofishin firaminista. 'Yan sanda sun ci tara 126, firaministan kansa, Boris Johnson, na cikin waɗanda aka ci. Ka tambayi wanda ya bi doka ya kasa riƙe hannun mahaifiyarsa a ranarta ta ƙarshe, gobe in an sake cewa ya zauna a gida, me zai ce?

Mu zo ga agaji, wanda aka fi yi wa ado da kalmomi. An kafa shirin COVAX a 2020, haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyoyin rigakafi na Gavi da CEPI, UNICEF na jigila, da niyyar a sayi rigakafi a tukunya ɗaya a raba bisa adalci, allura biliyan biyu kafin ƙarshen 2021. Tunani ne mai kyau. Sai dai yayin da ƙasashe matalauta suka shiga layi, masu kuɗi sun zagaya ta ƙofar baya sun yi ciniki kai tsaye da kamfanoni, Kanada ma ta yi odar abin da zai ishi al'ummarta ninki da yawa. Ranar 18 ga Janairu 2021, shugaban Hukumar, Tedros Adhanom Ghebreyesus, ya ce an yi allura sama da miliyan 39 a ƙasashe 49 masu hali, amma a wata ƙasa matalauciya 25 kacal aka yi. Ba miliyan 25 ba, ba dubu 25 ba, ashirin da biyar. Kayan COVAX na farko sun sauka Gana ranar 24 ga Fabrairu, allura 600,000 daga masana'antar Serum ta Indiya. Bayan 'yan makonni nau'in Delta ya turnuƙe Indiya, ta dakatar da fitar da rigakafi, shirin da ya jingina da masana'anta guda ya zauna ƙasa. Shekarar ta ƙare bai kai rabin abin da ya yi alkawari ba. A watan Agusta na wannan shekara kuma aka gano cewa alluran Johnson & Johnson da ake ɗurawa a kwalba a Afirka ta Kudu, Turai ake kai su. Da gudummawa ta fara kwarara daga baya, wani kaso ya zo saura 'yan makonni ya lalace, ba sanarwa, ba sirinji, sannan aka juya ana cewa mutanen can ba sa son allura.

Indiya da Afirka ta Kudu sun nemi wata hanya tun Oktoba 2020. Sun roƙi Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta jingine haƙƙin mallakar fasaha a kan rigakafi da magunguna da kayan gwaji har annoba ta wuce. Ƙasashe sama da 100 suka goya baya. Aka yi ta jan ƙafa wata ashirin, sai Yuni 2022 aka fito da wani guntun matsayi da ya tsaya kan rigakafi kaɗai, lokacin da kasuwar ta riga ta cika. Ihu bayan hari. Masu kare kamfanoni na cewa ba takardar mallaka ce ta hana ƙera rigakafi ba, rashin masana'anta da ƙwararru ne, kuma in ka hana riba gobe ba wanda zai zuba jari. Akwai gaskiya a rabin farko. Rabi na biyu kuwa yana mantawa da cewa jarin da yawa na jama'a ne: gwamnatin Amurka ta zuba wa Moderna biliyoyin daloli, Jamus ta ba BioNTech, abokin aikin Pfizer, yuro miliyan 375, sannan Pfizer ya sayar da rigakafi na kusan dala biliyan 37 a 2021 kaɗai. Wanda ya tuna yadda kamfanonin magani 39 suka maka Afirka ta Kudu a kotu kan maganin ƙanjamau mai rahusa, har sai da kunya ta sa suka janye a 2001, ba zai yi mamaki ba.

Kada kuma a ɗauka laifin duk na gefe ɗaya ne. Shugabannin Afirka sun yi alkawari tun 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, 'yan ƙalilan ne suka cika. Nahiyar ta shiga annoba tana sayo kusan kashi 99 cikin 100 na rigakafinta daga waje. Tanzaniya a ƙarƙashin John Magufuli ta daina fitar da alƙaluma kwata-kwata. Kuma da kamfanin Aspen na Afirka ta Kudu ya samu lasisin fitar da rigakafin korona da sunansa, a 2022 ya zauna yana jiran oda ba ta zo ba. Shi ma ya yi abin da aka ce a yi.

Akwai ƙasar da ta gane wannan wasa tun da wuri. A 2007, Indonesiya, wadda murar tsuntsaye ta H5N1 ta fi kashe wa mutane, ta daina aika samfurin ƙwayar ga Hukumar. Ministar lafiyarta, Siti Fadilah Supari, ta ce ba dalilin da zai sa su bayar da samfur kyauta, kamfanoni su ƙera rigakafi da shi, sannan a sayar musu a farashin da ba za su iya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An zage ta, an ce ta yi garkuwa da lafiyar duniya, kuma ni ma ba zan ce hanyar ba ta da haɗari ba. Amma me ya biyo baya? A 2011 aka amince da tsarin da ya wajabta wa kamfanonin da ke amfana da samfuran mura su ba da gudummawa da wani kaso na kayansu. Wanda ya ƙi bayarwa ya samu yarjejeniya. Wanda ya bayar da hannu biyu a 2021 ya samu takunkumi. Duk ministan lafiyar da ya ajiye labaran nan biyu gefe da gefe ya san wanne ya fi riba, kuma wannan ne abin da ke hana ni barci.

Shi ya sa na bi zancen Yarjejeniyar Annoba da Majalisar Lafiya ta Duniya, wato babban taron ƙasashen Hukumar, ta amince da ita a Jeniba ranar 20 ga Mayu 2025, bayan fiye da shekara uku ana ja-in-ja. A cikinta akwai abin da ya taɓa ainihin ciwon: kamfanonin da suka shiga tsarin za su ware wa Hukumar kashi 20 cikin 100 na abin da suke ƙerawa lokacin annoba, aƙalla rabinsa kyauta, sauran a farashi mai sauƙi, a madadin samun samfura da bayanan ƙwayoyin cuta cikin gaggawa. Ke nan an rubuta cewa mai kawo rahoto yana bin duniya bashi, ba a kan mura kaɗai ba. Sai dai a ranar da aka tafa, wannan sashen ne aka bar cikakken bayaninsa zuwa wani zama, kuma aka ce ba za a buɗe yarjejeniyar don sa hannu ba sai an gama shi, ba kuma za ta fara aiki ba sai ƙasashe 60 sun tabbatar da ita. Amurka ba ta wurin, domin tun 20 ga Janairu na shekarar Donald Trump ya sa hannu a takardar ficewa daga Hukumar. Kuma yarjejeniyar ta faɗa ƙarara cewa Hukumar ba ta da ikon umartar kowace ƙasa ta yi kulle ko ta tilasta allura. Masu yaɗa cewa an kafa gwamnatin duniya su kwantar da hankalinsu, matsalar ita ce akasin haka.

An ma riga an yi mana ƙaramar jarrabawa. Da ƙyandar biri ta shiga Turai da Amurka a 2022, cikin 'yan makonni aka fito da rigakafi aka yi wa masu haɗarin kamuwa. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, inda aka fara ganin cutar a jikin ɗan Adam tun 1970, wadda likitocinta suka shekara suna ƙidaya yaran da ke mutuwa suna aika rahoto, ba ta ga allurar farko ba sai Satumba 2024, bayan Hukumar ta sake ayyana dokar ta-ɓaci ranar 14 ga Agusta. Shekara guda da 'yan watanni ke nan bayan an sanar da ƙarshen ta-ɓacin korona ranar 5 ga Mayu 2023, aka yi ta rantsuwar ba za a sake ba.

Na ce zan dawo kan Zhang Yongzhen. A ƙarshen Afrilu 2024, hotuna suka bazu na wani dattijo zaune a kan kwali a ƙofar wani gini a Shanghai, ana yayyafi, masu gadi tsaye a kansa. Shi ne. An ce shi da tawagarsa su tattara su bar ɗakin bincikensu, cibiyar da ɗakin yake ciki ta ce gyara ake yi kuma don tsaron lafiya ne, shi kuwa ya ƙi tafiya, ya kwana a waje. Bayan 'yan kwanaki, da maganar ta kai kunnen duniya, aka buɗe masa ƙofa ya koma ciki. A lokacin, alluran korona da aka yi wa mutane a faɗin duniya sun haura biliyan 13, kuma na farkon da aka tsara a cikinsu, a kan bayanan da ya saki ranar 11 ga Janairu 2020 aka tsara su. Ɗalibansa suna tsaye suna kallonsa a kan kwalin nan, kuma wani daga cikinsu ne wataƙila zai fara ganin baƙuwar ƙwaya ta gaba a fuskar kwamfutarsa.